Waiwaye: tsofaffin littattafan da ake cewa za su rusa coci

Kusan duk shekara, musamman idan Ista ta gabato, akwai wani bidiyo da yake sake zagaye wayoyin Nima, Mamobi da Sabon Zango, unguwannin Ankara babban birnin Gana. Littafi ne na baƙar fata mai rubutun ruwan zinari, ga murya tana cewa an tono Linjila ta asali mai shekara 1500 a Turkiyya, wai har hankalin fadar Paparoma ya tashi. Saurayi Kirista da ya tashi a zango, ɗan Frafra ne ko Dagati ko Kusasi, wanda da Hausa yake ciniki da hira, abokinsa zai miƙo masa waya ya ce, "To malam, sai ka ce me?" In ya kai maganar coci, amsar da ya fi samu ita ce, "Ɗana, goge shi, aikin Shaiɗan ne." Zai goge, amma tambayar tana nan a ransa.

Littafin dai akwai shi. 'Yan sandan Turkiyya ne suka ƙwace shi a hannun masu fasa-ƙwaurin kayan tarihi a 2000, labarinsa ya fashe a jaridu a Fabrairun 2012 da aka kai shi gidan adana kayan tarihi na Ankara (ta Turkiyya fa, ba tamu ba). Masu karanta Suryanci, tsohon harshen Kiristocin Gabas ta Tsakiya, da suka duba hotunansa sun ce abin da ke rubuce a shafin shi ne shekara ta 1500 ta Ubangijinmu. Ke nan ko da an gaskata abin da littafin ya faɗa a kan kansa, shekarunsa 500 ne da 'yan kai.

Irin wannan hayaniya ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1844 wani masani Bajamushe, Tischendorf, ya ga wasu tsofaffin shafukan fata a gidan sufaye na Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i, a 1859 kuma aka nuna masa babban kason littafin. Kwafin Littafi Mai Tsarki ne da Girkanci daga ƙarni na 4, ɗauke da Sabon Alkawari cikakke. Yawancinsa yau yana Landan, tun da gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila shi a kan fam 100,000 a 1933. Wannan kwafi ya taɓa Littafi Mai Tsarki da gaske, kuma bai kamata a ɓoye wa kowa ba. A cikinsa Bisharar Markus ta tsaya a aya ta 8 ta sura ta 16, ayoyi 12 na ƙarshe babu su. Labarin matar da aka kama da zina, wanda ke farkon Yahaya sura ta 8, shi ma babu. Da sabuwar fassarar Turanci ta fito a 1881 tana la'akari da irin waɗannan kwafe-kwafe, wasu malaman coci sun tayar da jijiyar wuya. Daga baya ƙura ta lafa. Yawancin fassarorin zamani sukan bar ayoyin a wurinsu, su sa ɗan bayani a ƙasan shafi cewa kwafe-kwafe mafi tsufa ba su da su. A ganina, faston da ya tsallake wannan bayani don kada jama'a su rikice ya fi bidiyon WhatsApp ɓarna, domin ranar da yaron ya ji maganar daga bakin abokin gardama, zai ɗauka an daɗe ana rufe shi.

A Disambar 1945 wani manomi a kusa da Nag Hammadi, kudancin Masar, yana haƙar ƙasar taki sai ya ci karo da tulu a rufe. Yadda shi da kansa ya ba da labari, da farko ya ji tsoron aljani ne a ciki, sai kwaɗayin zinari ya rinjaye shi ya fasa. Littattafai 13 ne da harshen Kibɗawa, har mahaifiyarsa ta hura wuta da wasu shafukan. A cikinsu akwai Bisharar Toma, tarin maganganu 114 da aka jingina wa Yesu, ba labarin gicciye, ba na tashi daga matattu. Jaridu suka kira su bisharun da coci ta ɓoye. Gaskiyar ita ce shugabannin ikilisiya na farko sun san irin waɗannan littattafai, sun karanta su, sun yi musu raddi a rubuce. Bisharar Yahuza da aka yi ta yayatawa a Afrilun 2006, Bishop Ireniyus na Liyon ya ambace ta da suna tun wajajen shekara ta 180, ya ce ƙirƙira ce ta wata ƙungiya. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu ana iya jin bakin waɗancan ƙungiyoyi kai tsaye, ba sai ta bakin masu sukar su ba, wannan kuwa riba ce ga duk mai son sanin yadda aka tsayar da littattafai 27 na Sabon Alkawari, jerin da Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta a wasiƙarsa ta Ista a 367.

Naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri kuwa, wato tsofaffin rubuce-rubucen addini na Yahudawa, makiyaya Larabawa ne suka fara cin karo da su a kogon Kumran wajajen 1947, zuwa 1956 an samu koguna 11 masu rubutu. An samu gutsattsarin kowane littafi na Tsohon Alkawari in ban da Esta. Naɗin Ishaya, wanda ya girmi haihuwar Yesu da fiye da shekara 100, ya riga kwafe-kwafen Ibrananci da ake dogara da su da kimanin shekara 1000, kuma ya zo kusan daidai da su. Masu wa'azi suna son wannan ɓangaren. Ba su cika faɗin ɗaya ɓangaren ba: an samu kwafin Irmiya da ya fi wanda ke hannunmu gajarta, yana bin tsohuwar fassarar Girkanci. Jinkirin buga sauran gutsattsarin ne ya haifi jita-jitar cewa ana ɓoye wani abu. Da wani ɗakin karatu a Amurka ya buɗe hotunan ga kowa a 1991, ba a ga wani sirri ba.

Sai kuma jabu. A Satumbar 2012 wata farfesa ta jami'ar Harvard, Karen King, ta gabatar da wata 'yar takarda da ba ta wuce katin shaida girma ba, inda Yesu yake cewa "matata". Duniya ta ɗauka. Can aka lura cewa wanda ya rubuta ta ya kwafo har da kuskuren bugu na wani kwafin Bisharar Toma da ke intanet, a 2016 kuma wani ɗan jarida ya bi sawun mai takardar har Florida, ita kanta farfesar ta yarda alamu sun karkata ga jabu. Kada Kirista ya yi saurin dariya. A Maris 2020 gidan tarihin Littafi Mai Tsarki na Washinton, wanda attajirai masu kishin bishara suka gina, ya sanar cewa duk gutsattsari 16 na Tekun Gishiri da ya mallaka na bogi ne. An sayar musu abin da zuciyarsu take so, ba su tsananta tambayar daga ina ya fito ba.

Mutumin zango ba baƙo ba ne ga wannan tambaya. Maƙwabtanmu malamai ba sa karɓar hadisi sai sun ji isnadinsa, wa ya ruwaito, daga wa. Tsohuwar takarda ma haka: a ina aka tono ta, hannun wa da wa ta bi, yaushe aka yi fatar da tawadar, yaushe kuma aka tsara maganar da ke ciki, don waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna Linjilar Barnaba, wadda ta fi kowanne yawo a zangunan Ankara ta Gana da Kumasi, ita ce ma ake liƙa wa littafin Turkiyya. Kwafinta mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana Biyana ta Ostiriya, sai wani da Sifaniyanci. An fassara ta da Turanci a 1907, da Larabci a Alƙahira a 1908, daga nan ta bazu. Marubucinta ya sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu. Ya ce shekarar jubili, wato shekarar 'yanta bayi, duk bayan shekara 100 take zuwa, alhali Attaura ta ce 50, Paparoma Bonifas na 8 ne ya kawo ta 100 a 1300. Ta kuma sa Yesu yana cewa shi ba Almasihu ba ne, abin da ya saɓa wa Alƙur'ani kansa. Wanda ya karanta ta zai iya faɗa wa abokinsa wannan a shago cikin raha, ba zagi, a kuma ci gaba da shan shayi. Wanda aka ce wa ya goge ba shi da ta cewa.

Kayan karatun ba su yi nisa ba. Kwafin Sina'i yana intanet kyauta tun 2009, naɗin Ishaya tun 2011, ana koyar da Girkanci da Ibrananci a makarantar tauhidi ta Trinity da ke Legon, ga kuma cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai sauko da wannan ilmi zuwa nazarin Littafi na ranar Laraba, da Hausa ko Twi ko Frafra. Tonon kuwa bai tsaya ba. A Maris 2021 hukumar kayan tarihi ta Isra'ila ta sanar da sababbin gutsattsarin Zakariya da Nahum da Girkanci daga wani kogo a hamadar Yahudiya, irinsu na farko da aka tono cikin kusan shekara 60. Da yake babu abin kunya a ciki ga kowane ɓangare, labarin bai yi wani tashe a zango ba.