Matsalolin allon kwamfuta bayan sauya direban hoto

Direban hoto manhaja ce da ke shiga tsakanin tsarin aikin kwamfuta, kamar Windows ko Linux, da katin hoto, wato ɓangaren da ke aika hoto zuwa allo, na kamfanin NVIDIA, AMD ko Intel. Bayan an sabunta shi ko an sauya wani, allo yakan yi baƙi ƙirin, ko gumaka su kumbura, ko launi ya koɗe, ko allo na biyu ya ɓace. Galibi ba na'urar ce ta lalace ba. Abin da masu gyara ke fara dubawa shi ne tambarin kamfani da ke fitowa da zarar an kunna: in ya fito sarai, sai daga baya allon ya ɗauke, to katin da wayar suna aiki, zargi ya koma kan direba.

Tarihi

A zamanin Windows XP, direban hoto a can cikin cibiyar tsarin yake aiki, don haka in ya cije yakan kayar da kwamfutar baki ɗaya da shuɗin allo. Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, ta zo da tsarin WDDM da ya fitar da babban ɓangaren direban daga cibiyar. Da shi aka samu dabarar TDR: idan katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows ta sake tayar da direban ita kaɗai. Shi ne dalilin ƙiftawar allo da ake gani kafin hoto ya dawo. A Linux kuwa, wajajen 2009 aka mayar da saita yanayin allo cikin cibiyar tsarin, abin da ake kira KMS.

Tun kafin waɗannan, a tsakiyar shekarun 1990, ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin allo ta fitar da EDID, ɗan bayani mai bait 128 da allo ke aika wa katin hoto game da girmansa da saurin da yake iya ɗauka. Sabon direba in ya kasa karanta shi, sai ya koma ƙaramin yanayi irin 1024×768, ko ya aika siginar da ta fi ƙarfin allon.

Gyara a Windows

Ana fara danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare. Za a ji ƙara, allo ya ƙifta, direban ya sake tashi. Maɓallan Windows da P kuma na nuna ko hoton ya tafi wani allon ne daban. In bai yi ba, sai a shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da ƙananan direbobi kawai, ta riƙe Shift yayin danna Restart, ko ta katse tashin kwamfutar sau uku a jere. A nan Windows na amfani da direbanta na asali mara ado. Daga Device Manager, jerin na'urorin kwamfutar, ake zaɓar katin a danna Roll Back Driver don komawa tsohon direba. Maɓallin yakan ƙi dannuwa idan ba a ajiye tsohon direban ba. To sai a cire sabon, a girka tsoho daga shafin kamfanin. Gara a cire intanet tukuna, don Windows Update kan maido da wanda aka cire ba tare da tambaya ba.

Koɗewar launi a allon da aka haɗa da wayar HDMI ta fi sauƙin gyara. Direban ya ɗauki allon a matsayin talabijin, ya taƙaita launi zuwa 16–235 maimakon 0–255. A saitin katin ake mayar da shi cikakke. Haka ma saurin allo kan koma 60 Hz bayan sabuntawa.

Akwai saɓani kan manhajar DDU mai share ragowar tsofaffin direbobi: wasu na amfani da ita kowane lokaci, wasu sai in an sauya kamfanin kati.

Linux da macOS

A Linux, Ctrl, Alt da F3 na buɗe allon rubutu ko da na hoto ya mutu, kuma ƙara kalmar nomodeset, mai kashe KMS, a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, na ba da damar shiga. Sanannun dalilai su ne karo tsakanin nouveau, direban da ke zuwa da Linux don katin NVIDIA, da direban kamfanin NVIDIA kansa, tsohon fayil ɗin saitin allo na xorg.conf da aka manta, da tsarin tsaro na Secure Boot da ke hana direba mara sa hannu tashi.

A macOS direban yana zuwa ne tare da sabuntawar tsarin.