Dunduniya da yatsa (dabarar rage giya a tuƙin tsere)

Dunduniya da yatsa dabara ce ta direbobin tsere a mota mai giyar hannu. In an tunkari kwana, yatsun ƙafar dama na kan birki, ƙafar hagu ta danne kuloci, sai direba ya karkata dunduniya ko gefen ƙafar daman ya ɗan zunguri totur sau ɗaya, inji ya yi ƙara, sannan ya saki kuloci a ƙaramin giya, duk wannan bai ɗaga daga birki ba.

Dalili

A gudu ɗaya ƙaramin giya ya fi buƙatar juyin inji. Misali inji mai juyi 3,000 a minti a giya 4, in aka koma giya 3 zai iya neman kusan 4,000. In ba a ƙara wa injin juyi ba motar fizga take yi, in mai ja da tayoyin baya ce har su kan kulle ta zame ana bakin kwana.

Tarihi

Asalinta dole ce ta kawo ta. Tsofaffin akwatunan giya ba su da sinkiro, abin nan da ke daidaita juyin haƙora, don haka sai an taka kuloci sau biyu ana ba da wuta a tsakani, in ba haka ba giya ya yi gurnani ya ƙi shiga. Kamfanin motoci na Cadillac ne ya fito da sinkiro a 1928 amma motocin tsere sun daɗe ba su ɗauka ba, wasu ma totur ɗinsu a tsakiya yake, tsakanin kuloci da birki. Kuma gaskiya tsofaffin direbobin tirela masu saukowa gangaren dutsen Ngaundere zuwa Garwa a Kamaru da kayan Njamena sun san tushen abin sarai, da kunne suke gane lokacin da giya zai shiga. Ana yawan kafa misali da bidiyon ƙafafun Ayrton Senna, direban tsere ɗan Brazil, cikin mota Honda NSX a filin tseren Suzuka na Japan, wajen farkon shekarun 1990. A 1989 Ferrari ta kawo canjin giya daga jikin sitiyari a gasar tseren Formula 1, daga nan dabarar ta fara ja baya.

Yanzu

Wasu motoci kamar Nissan 370Z kwamfuta ke ba da wutar da kanta. Akwai saɓani kan amfanin dabarar dunduniya da yatsa a titin gari.