Waiwaye: Kiɗan da ya bi 'yan gudun hijira

Wanda yaƙi ya kora da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar ganga, waƙar da ke bakinsa kaɗai yake fita da ita. Dattawan Maigatari da Gumel suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da Buzaye suka gangaro bayan dabbobinsu sun ƙare. Daga cikin 'yan'uwansu da suka nufi Aljeriya da Libiya aka samu ƙungiyar mawaƙa ta Tinariwen wajajen 1979. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A kaset waƙoƙinsu suka zaga hamada, hannu zuwa hannu, tun kafin su ci kyautar Grammy a 2012.

Masu kyamara sai daga baya suka iso. A 2005 aka fitar da fim kan mawaƙan Saliyo da suka haɗu a sansanonin ƙasar Gini lokacin yaƙin 1991 zuwa 2002, jagoransu Reuben Koroma. A 2007 wani fim ya bi yaran ƙabilar Acholi daga sansanin Patongo a arewacin Yuganda har gasar kiɗa a Kampala. Na 2015 ya nuna mawaƙan Mali, irin su Khaira Arby, bayan masu ɗauke da makamai sun hana kiɗa a arewacin ƙasar a 2012.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne Beats of the Antonov na Hajooj Kuka, na 2014. Shi ɗan Sudan ne, cikin mutanensa ya ɗauka, shi ya sa ba ka ganin su a matsayin abin tausayi kawai. Jirgin sama, wato Antonov ɗin, ya zo ya saki bom, kowa ya faɗa rami. Ya wuce, a fito a ƙirga juna, dare ya yi a ɗauko rababa, molonsu ke nan.

A nan gida, tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, mutanen Borno da Yobe suka bazu, wasu Minawao a Kamaru, wasu Diffa, da yawa kuma ƙauyukan Jigawa da Kano, a gidajen dangi. Na Zamfara da Katsina suka biyo baya. Kiɗansu kuwa a hankali yake mutuwa, ba wanda ya lura. Gangar noma sai da gayya, baƙo kuwa ba shi da gona, ƙodago yake yi. Makaɗin fada ya rabu da ubangidansa. Waƙar niƙa ta riga ta sha kashi a hannun inji.

Kayan ma wahala ne. Goge yana son ƙwarya mai kauri, fatar guza, izgar doki da ƙaron shafawa. Kalangu yana son fatar akuya da tsarkiya. Damina tana sa fata ta saki, sai an gasa ta a gefen wuta. Hunturu kuma ya fasa ƙwarya. Kuntigi ne mai sauƙi, gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya, irin wanda Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi.

Mai son adana wannan da wayar hannu ya fara da neman izini, wajen mai waƙar da mai unguwa. A zauna a zaure ko ɗakin ƙasa, domin kwanon rufi yana mayar da sauti, iska kuma tana cika makirfo da huci. A kashe janareta. Waya ta kasance kamu 2 daga bakin mawaƙi, ganga ta ja baya taku 3 ko 4, in ba haka ba ta danne baitocin. 'Yan amshi su zauna bayansa. Kafin a fara, ya faɗi garinsu, wa ya koya masa, a wace hidima ake yin waƙar. Wannan ne aka fi mantawa, sai a wayi gari da murya mai daɗi ba a san asalinta ba.

Matan aure a ɗauki muryarsu kawai, kuma mace ta ɗauka. Wanda ya tsere wa 'yan bindiga kada a nuna fuskarsa ko a ambaci ƙauyen da ya sauka, tunda bidiyo yana isa daji ta WhatsApp cikin kwana ɗaya. A kwafa a memori 2, ɗaya a bar wa mai waƙar a hannunsa.