Fili naka ne, amma ba kome za ka gina a kai ba

Wani maƙwabcinmu a unguwar Madina ta Accra ya rushe ɗakunan gaban gidansa, ya fara aza shaguna shida da bene a sama. Gini bai kai rufi ba ma'aikatan Asambuli, wato ƙaramar hukumarmu, suka zo da jan fenti, suka rubuta a bango cewa a dakatar da aiki a kawo takardar izini. Ya zo mini yana huci, indenca, wato takardar mallakar fili, a hannu: "Malam, filin nan na mahaifina ne, wa zai hana ni?" Na ce masa: Alhaji, ba wanda ya yi maka jayayyar fili. Indenca tana nuna mai ƙasa ne kawai. Abin da za a yi a kan ƙasar kuwa, wata doka ce ke faɗarsa.

Dokar ita ce ta amfani da ƙasa da tsara gari, mai lamba 925, wadda Majalisar Gana ta zartar a 2016. Ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawan mulki ta 1945, ta kuma kafa hukumar tsara gari ta ƙasa, LUSPA. Ƙa'idojin aiwatar da ita sun fito a 2019. Sai dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936, ita ma ta 2016, wadda ta hana kowa yin gini ba tare da rubutaccen izinin Asambulin yankinsa ba. Mutumin Nima zai nufi Ayawaso ta Gabas, na Mamobi Ayawaso ta Arewa, na Sabon Zango Ablekuma ta Tsakiya, mu kuma La Nkwantanang-Madina.

Kowace Asambuli ana so ta kasance da taswirar da ta raba ƙasa gida-gida: nan wurin zama, nan kasuwanci, nan makaranta, nan hanya, nan magudanar ruwa. Idan fulotinka ya faɗa cikin wurin zama, kai kuma kana son ka mai da shi gidan baƙi, ko gidan mai, ko gareji, ko makarantar kuɗi, to izinin gini kaɗai bai isa ba. Sai ka nemi a sauya wa filin aiki. Ko da ba ka aza bulo ko ɗaya ba, mai da gidan zama wurin sana'a shi ma sauyi ne a idon doka. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami.

Za ka rubuta takarda zuwa kwamitin tsara gari na Asambuli, wanda shugaban Asambulin ke jagoranta. Ka haɗa da shaidar mallaka, taswirar fili, zanen gini, da rahoton ƙwararren mai tsara gari da ke bayanin dalilin sauyin. Ƙaramin kwamitin masana ne ke fara duba takardun, su zo su ga wurin da idonsu. Suna lura da faɗin hanya, inda motoci za su tsaya, inda ruwa zai bi, hayaniya, da haɗarin gobara. Daga nan babban kwamiti ya amince, ko ya amince da sharaɗi, ko ya ƙi. Wanda aka hana yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa kotu.

Gidan mai da na gas suna da ƙarin ƙofofi: hukumar kare muhalli EPA, hukumar man fetur NPA, da 'yan kwana-kwana. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, ranar 3 ga Yuni 2015 ba zai ce an tsananta ba. Ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu masu fakewa ruwan sama ne. Bayan shekara biyu, a Oktoban 2017, gas ya fashe a mahaɗar Atomik, nan kusa da mu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Har yau in na ga ana haƙa ramin tanki a jikin katangar gidan mutane sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke sakaci da haƙƙin maƙwabta. Sauya wa fili aiki ba sirri ba ne tsakanin mai fili da ofis, ana sanar da jama'a domin mai ƙorafi ya kawo. Mu kuwa a Zango kunya ta yi mana yawa. Za a ce ai Alhaji ne, surukin wane ne, sai a yi shiru har injin niƙa ya kwana yana ruri a bayan ɗakin tsohuwa mai hawan jini. Idan kuna da damuwa, ku rubuta ta, ku sa hannu, ku kai ofishin tsara gari, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku kuma sanar da asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a Asambuli. Maganar da aka yi a ƙofar masallaci bayan Isha'i ba ta shiga fayil.

Filin jama'a kuma, irin filin ƙwallo ko wurin shan iska, dokar 925 ta ce sauya masa aiki sai Majalisar Dokoki ta ƙasa ta amince. Sa hannun sarki ko na wani jami'i bai wadatar ba.

Wanda ya yi gini babu izini, Asambuli za ta ba shi takardar gargaɗi ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a rushe. In ya kasa, za su iya rushewa su kuma karɓi kuɗin aikin daga aljihunsa. In ginin ya ci hanya ko wani wurin da jama'a ke da haƙƙi a kai, doka ta ba su ikon rushewa ko da ba gargaɗi. Hatta kontena da kiyos suna da izininsu na wucin gadi da ake sabuntawa.

Alhaji dai ya haƙura ya tara takardunsa. Masana sun ce ya ja shagunan baya daga bakin kwata, ya bar wurin tsayawar mota. Shaguna huɗu ya samu maimakon shida, kuma sai da ya fasa bangon da ya riga ya kashe wa siminti.