Waiwaye: Motoci a Cikin Rami da Tsohuwar Matsalar Cunkoson Birni

Ranar 10 ga Janairu 1863 aka buɗe layin jirgin ƙasa na farko da ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, a birnin Landan. Tituna sun cushe da keken doki da masu tafiya a ƙafa, sai aka ce tunda sama ta cika, a nemi hanya ta ƙasa. Jirgin na kwal ne, hayaƙi na turnuƙe tashoshi har fasinjoji na tari, amma jama'a suka yi ta tururuwa. Faris ta bi sahu a 1900, New York a 1904. Duk dabara ɗaya ce: haƙa rami na cin kuɗi, saboda haka abin da za a saka a ciki dole ya kwashi mutane da yawa a tashi ɗaya.

Da mota ta mamaye birane sai tunani ya sauya, aka fara binne manyan tituna. Boston ta Amurka ta soma irin wannan aiki a 1991, ba a gama ba sai 2007, bayan ya lashe kusan dala biliyan 15. Birnin ya samu fili da lambuna a sama, wannan gaskiya ne, amma motocin da ke ƙasa na masu su ne, ba sufurin jama'a ba.

Akwai kuma mafarkin haɗa biyun, wato ƙaramar mota ta jama'a da za ta kai ka inda za ka ba tare da tsaye-tsaye ba. An gina irinta a garin Morgantown na Amurka a 1975 don ɗaliban jami'a, tana aiki har yau, sai dai manyan birane ba su kwaikwaya ba.

Wannan mafarkin ne Elon Musk, shugaban kamfanin motoci masu lantarki na Tesla, ya farfaɗo da shi a Disamba 2016, lokacin da ya koka da cunkoso ya ce zai fara haƙa rami. Kamfaninsa, The Boring Company, ya nuna hoton motoci na sauka ƙasa daga bakin titi, suna hawa wani faranti mai lantarki da ke gudun kilomita 200 a awa. A 2018 Shikago ta zaɓe shi ya haɗa tsakiyar gari da filin jirgin sama na O'Hare. Shiru kake ji, ba a haƙa komai ba. Na Los Angeles da na tsakanin Washington da Baltimore ma haka suka bi ruwa.

Wanda ya tabbata shi ne na Las Vegas, da aka buɗe a 2021 ƙarƙashin babbar cibiyar taruka: ramuka biyu, jimillar tsawonsu kilomita 2.7, tasha uku, a kan kuɗi kusan dala miliyan 50. Farantin nan babu shi. Motocin Tesla ne, kowace da direbanta, ɗauke da fasinja uku ko huɗu, a ramin da faɗinsa bai kai mita 4 ba. A Janairu 2022 wani bidiyo ya bazu: motoci jere, fitilun birki ja-wur, suna jan ciki a cikin rami don tashar gaba ta cika. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne lissafi ya fi damuna. Burin da aka sa wa tsarin Las Vegas shi ne fasinja 4,400 a awa. Layin Victoria na Landan kuwa na tura jirgi 36 a awa lokacin da aka fi cunkoso, kowanne na iya ɗaukar sama da mutum 800, wato kusan 30,000 a hannu ɗaya kawai. Kafin motoci masu fasinja uku su kamo wannan, sai 10,000 sun wuce a awa, kusan uku ke nan a kowace daƙiƙa, kuma kowace sai ta tsaya, an buɗe ƙofa, tsoho ya fito da jakarsa, mai keken guragu ya samu taimako. Jirgi kuwa ƙofofinsa duka ke buɗewa lokaci guda.

Masu kare tsarin na cewa yana da araha, kuma ba ƙarya suke ba. Sashen farko na layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Second Avenue a New York, mai kimanin kilomita 3, ya ci kusan dala biliyan 4.5. Amma kaso mai tsoka na kuɗin irin wannan aiki na tafiya ne a manyan tashoshi, da bututun iska, da hanyoyin tsira. Gobarar 1999 a ramin motoci na Mont Blanc, tsakanin Faransa da Italiya, wadda ta kashe mutum 39, ita ke tuna mana dalilin waɗannan. In batirin mota ya kama wuta a rami mai hannu ɗaya, na bayanta ta ina za su bi?

Hukumomin Las Vegas sun amince a faɗaɗa tsarin zuwa sama da kilomita 100, an kuma riga an haɗa wasu otal-otal. A 2025 Dubai da Nashville suka sanar da nasu shirin.