Ƙudan da ya sauka kan tsirenka, daga ina ya taso?

'Yan uwa mazauna Legas, ku tsaya minti biyar da hantsi a kasuwar Mile 12, ko a bakin mayankar Oko-Oba da ke Agege, ku bi ƙuda ɗaya da ido. Zai tashi daga kwata ya sauka kan ruɓaɓɓen tumatir, daga nan sai tiren yankakkiyar kankana. Mai kaya ya kaɗa hannu, ƙuda ya tashi, ciniki ya ci gaba. Mu ma'aikatan lafiya kuwa mun san aikin gama ya riga ya gama.

Jikin ƙuda da ƙafafunsa cike suke da ƙananan gashi, tafin ƙafarsa kuma yana da danƙo, shi ya sa yake tafiya a jikin gilashi bai faɗo ba. Duk ƙazantar da ya taka tana manne masa, har da ƙwayoyin bakteriya masu haddasa taifot da atini da gudawa. Ga wani abin ƙyamar: ƙuda ba ya tauna. Sai ya amayo ruwan cikinsa a kan abinci ya narkar da shi, sannan ya tsotse, sau da yawa kuma ya yi kashi a wurin. An ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, amma a nan wanda ya ci ragowarsa ne ke kwanciya.

Macen ƙuda kan saka ƙwai wajen 100 a lokaci guda cikin shara mai danshi, kuma a zafi irin na Legas kwana 7 zuwa 10 sun isa su zama manya. Ke nan bolar da ta yi mako tana jiran motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta jihar Legas, ta ƙyanƙyashe maka sababbi a ƙofar gida. A ɗaure bakin leda, a rufe kwandon shara, a rufe bakin masai.

Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta watan Yunin 2024 ba. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar wannan cuta, amma buɗaɗɗen abinci na ƙara mata gudu.

Mai tsire, ka sa akwatin gilashi ko raga, ka kuma mayar da nama kan wuta ya yi zafi sosai kafin ka naɗe wa mai saye. Mai fura da nono, faifai ya koma kan ƙwarya bayan kowane ludayi. Uwar gida, kashin yaro a zuba shi masai nan take, a wanke hannu da sabulu.

Idan yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tun a gida. In an ga jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi shan nono, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.