Furen "takalmin uwargida" na daji: gani halal ne, haƙa da tsallaka iyaka kuma sai da takarda

A dangin furannin okid akwai waɗanda leɓensu na ƙasa yake kumbura kamar bakin silifa, shi ya sa ake musu laƙabi da takalmin uwargida. Ƙwaro kan faɗa cikin wannan aljihun, ba ya samun mafita sai ta wata 'yar kafa ta baya, a nan yake gogo garin furen ya kai wa wani. Masu sha'awarsu kan yi tattaki har fadamun Kanada ko duwatsun Biyetnam da Peru don su gan su ido da ido. Doka ba ta hana kallo ko ɗaukar hoto ba. Rigima tana farawa ne da zarar an sa hannu an tumɓuke.

Babbar dokar ita ce CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki. Ta kasa tsirrai da dabbobi rukuni-rukuni. Yawancin okid, har da takalmin uwargida jinsin Cypripedium na ƙasashen sanyi, suna rukuni na biyu: ana cinikinsu, amma sai ƙasar da aka samo su ta ba da takardar izinin fitarwa. Paphiopedilum na Asiya da Phragmipedium na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, waɗanda su ma takalmin uwargida ne, suna rukuni na ɗaya. Waɗannan an haramta cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe kwata-kwata. Ko don bincike za a ɗauka, sai takarda biyu, ta fita da ta shiga.

A 2002 wani Ba'amurke, Michael Kovach, ya sayi wani tsiro mai ƙaton fure ruwan hoda a bakin hanya a arewacin Peru. Ya shigo da shi Amurka ba takardar CITES, ya kai lambun binciken Marie Selby da ke Florida, aka raɗa masa suna Phragmipedium kovachii. A 2004 kotu ta ci Kovach tarar dala 1,000, lambun kuma dala 5,000. Tarar ba ta taka kara ta karya ba. Asarar gaske a Peru aka yi ta, don labari na bazuwa masu haƙa suka yi wa wuraren da furen yake fitowa ƙarƙaf.

To, ina matsayin ruwa-biyu? A daji ƙwari kan haɗa jinsi biyu da suke fure kusa da juna. A Arewacin Amurka, farin Cypripedium candidum da rawayan Cypripedium parviflorum suna haifar da wanda ake kira andrewsii. Wasu na ganin tunda sunan irin wannan bai fito a jeri ba, kafa ta samu. Ba ta samu ba. Ƙa'idar CITES ita ce, muddin ɗaya daga cikin iyayen yana jerin, ɗan ma ya shiga, sai in an cire shi a rubuce. Sassaucin da aka yi na waɗanda aka raina ne a gidan rainon tsirrai, musamman ƙananan da ke cikin kwalabe a rufe, ba na daji ba.

CITES a bakin iyaka take aiki. Cikin gida kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya an ɗauka Cypripedium calceolus ya ƙare tun 1917, sai a 1930 aka tsinci tsiro ɗaya tak a Yorkshire, aka yi ta gadinsa ana ɓoye wurin. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta tsinkarsa, tumɓukarsa ko sayar da shi, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin wata shida. Tsaurin yana da dalili: irin furen ƙanana ne kamar ƙura, ba ya tsirowa sai da taimakon wani naman gwari na cikin ƙasa, kuma yakan yi shekaru kafin ya fara fure. Wanda aka haƙo daga daji sau da yawa a tukunya yake mutuwa.